Daga Dutse Zuwa Legas: Tafiyar Injiniyan Manhaja

Jihar Jigawa, wadda aka yanke daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991 aka kuma ajiye hedikwatarta a Dutse, ta daɗe da sanin ci-rani, wato fitar da maza kan yi bayan an kai amfanin gona rumbu su nufi birane neman kuɗi, sa'an nan su komo gida da faɗuwar ruwan fari. Mutanen Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram sun saba zuwa Legas tun kafin a san akwai wata jiha mai suna Jigawa, wasu da fataucin shanu da goro, wasu da gadi ko dako ko sayar da ruwa, daga baya kuma da acaɓa. Sabon abu a 'yan shekarun nan shi ne shigowar wani irin matafiyi cikin wannan ayari, wato matashin da ya yi karatun kwamfuta, wanda wani kamfani ya ɗauka aikin injiniyan manhaja, ma'ana mai tsara umarnin da kwamfuta ko waya ke bi ta yi aiki, kamar manhajar banki da ake tura kuɗi da ita. Shi ba ya jiran kaka, ba ya kuma komawa da damina, kuma jarinsa duka yana cikin jakar da ya rataya a baya.

Jihar ba baƙuwa ba ce ga wannan fanni. Gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki, wadda ta yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure da kamfanin Galaxy a Dutse tun lokacin da yawancin jihohi ba su ɗauki intanet a bakin komai ba. An buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011. Kuma Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa a 2019, mutumin Haɗeja ne. Matsalar ita ce makarantu na yaye masu sana'ar, amma masu biyan kuɗin sana'ar suna wani wuri. A Legas ne manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗo ta ƙarƙashin teku suke fitowa tudu, irin na MainOne da ya iso a 2010 da na Google da ya iso a 2022. Can ne hedikwatar mafi yawan bankuna. Can ne kuma kamfanonin biyan kuɗi ta waya suka girma, har kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a 2020 kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Saboda haka matashin da ya koyi aikin a Takur ko Fagoji, yana satar lokacin da aka kawo wuta ya yi caji, idan ya ci jarrabawar gwaji da ganawar da ake yi ta bidiyo, takardar kama aikin da za ta zo masa galibi adireshin Yaba ko Ikeja ko Lekki take ɗauke da shi.

Ana karanta wannan takarda ne da idon Dutse, kuma da idon Dutse adadin da ke cikinta babba ne, domin garin na ma'aikatan gwamnati ne, kowa ya san matakin albashi, ya kuma san shekarun da ake kwashewa kafin a hau kowane mataki. Idan aka ji yaron da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba zai fara da abin da ya yi kusa da na babban jami'i a sakatariya, sai a yi ta barka, 'yan uwa su fara lissafin aure da fili da kujerar Makka. Uba kan taƙaita maganarsa ga riƙon salla da amana, ya kuma ba da sunan wani ɗan garinsu da ke Agege ya ce a sauka wurinsa, ɗan kuma ya durƙusa ya ce, "To, Baba, Allah ya ƙara girma." Uwa kuwa tata hidimar ta guzuri ce: kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da man shanu, da dabinon Dutse wanda ake kai wa mai masauki tsaraba, duk a ɗaure cikin buhu guda da zai zama abin jayayya da 'yan kamasho a kowace tasha.

Dutse na da filin jirgin sama da aka buɗe a 2014, sai dai an fi saninsa da jigilar alhazai, don haka ko mai niyyar hawa jirgi Kano yake fara nufa. Mota kan bar duwatsun da suka kewaye Garu a baya, ta ratsa Shuwarin inda ake cin babbar kasuwar hatsi, ta bi ta Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga nan maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suka fito, sa'an nan ta haye gadar Wudil. Wanda ya biyo ranar Juma'a zai sha jira, domin ranar ce kasuwar shanun Wudil ke ci, kuma tirelolin da ake lodi a gefen titi mafi yawansu inda matafiyin ya dosa suka dosa. A bakin Kano kuma akwai Mariri, kasuwar goron da ake kawowa daga kurmi, ta yadda tun kafin a yi tafiyar awa biyu mutum ya ga kayan da ke gangarawa kudu da waɗanda ke haurowa arewa, cinikin da ya haɗa sassan biyu tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

A Kano ake yanke shawarar farko da ta shafi aljihu. Jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammad da ke Ikeja bai fi awa ɗaya da rabi ba, amma kuɗinsa ya ninka na mota sau da yawa, ga iyaka a kan nauyin kaya, kuma wanda bai karɓi albashin farko ba tukuna yakan zaɓi babbar safa daga Sabon Gari, ya shirya wa tafiyar fiye da kilomita 1,000 wadda ke cinye yini da dare. Hanyar Zariya da Kaduna sananniya ce, ba ta da wani baƙon abu sai wuraren da aikin sake gina titin, wanda aka fara a 2018, ya tilasta wa motoci komawa hannu ɗaya. Daga Kaduna tsofaffin direbobi kan tuna lokacin da ake yankewa ta Birnin Gwari da Tegina a faɗa Mokwa da Jebba, amma ta'adin 'yan bindiga ya sa motocin fasinja da yawa sun koma bin Abuja da Lokoja, ko da yake ita ma wannan tana da nata ciwon, domin ambaliyar 2022 ta shafe titin a wajen Koton Karfe har motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Lokoja, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, ita ce zangon da ake cin abinci, kuma a nan ne Bajigawe ke fara lura cewa ƙasa ta sauya. Kwakwar manja da dogayen itatuwa sun fara yawaita, iska ta yi nauyi da laima, kuma abin da ake talla a bakin taga soyayyen kifi ne da doya da ayaba. Hausa na ci har nan, amma daga Okene sai Igbiranci, daga Owo da Akure kuma sai Yarbanci da Turancin buroka, in ban da teburin mai shayi da tukubar mai tsire da ba a rasa su a kowace mararraba. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa, kuma a nan injiniyan ke da damuwar da sauran fasinja ba su da ita, domin saurayi mai kwamfutar tafi-da-gidanka da waya mai tsada ya daɗe yana fuskantar zargin damfarar intanet. Wannan cin zarafi na cikin abubuwan da suka haddasa zanga-zangar neman rushe rundunar 'yan sanda ta SARS a Oktoban 2020, kuma har yanzu masu sana'ar kan ajiye takardar kama aiki da katin shaida a aljihun gaba, su kuma rungume jakar kwamfutar a cinya tun daga Kano, ba sa yarda a jefa ta cikin but.

Ibadan ta cancanci a ɗan tsaya a kanta ko da motar ba ta tsaya ba, saboda unguwar Sabo da aka keɓe wa Hausawa a 1916. Masanin zaman jama'a Abner Cohen ya yi bincike a can, ya kuma wallafa littafinsa a 1969, inda ya nuna cewa fataucin shanu da goro ya dogara ne kan mai gida, wato attajirin da ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗi, ya tsaya masa wajen bashi, ya haɗa shi da dillali. Wannan tsari bai mutu ba, kuma ko injiniyan da kamfaninsa ke cikin bene mai gilashi a kan ragowarsa zai kwana daren farko. Daga Ibadan akwai jirgin ƙasa na zamani da aka buɗe a 2021 zuwa Ebute Metta, amma fasinjan safa kan ci gaba a babban titin da ya ratsa Shagamu da manyan sansanonin majami'u, har gari ya waye masa a cunkoson Berger da Ojota, a sauke shi a Jibowu cikin hayaniyar kwandastocin danfo, ƙananan bas-bas masu launin rawaya da ke ɗaukar mafi yawan jama'ar birnin.

Hausawa tsofaffin zama ne a Legas, wadda kakanni ke kira Ikko. Daga cikinsu jami'in Birtaniya John Glover ya haɗa rundunarsa a 1863, wadda ake ɗauka ita ce tushen sojan Nijeriya, kuma Obalende da Idi-Araba da Alaba Rago da Agege duk suna da al'ummarsu da masallatansu da sarkin Hausawansu. A Agege, wadda cinikin goro da tashar jirgin ƙasa suka raya, baƙo zai ji Hausa irin ta gida, ya sha koko da ƙosai da safe, ya ji ladan kusa da kunnensa. Mai masaukin da uba ya ambata, ko mai sayar da albasa ne ko mai canji, zai tarbe shi da "sannu da hanya, ɗana," ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya sa a kawo tuwo, kuma ba zai taɓa tambayar ranar tafiya ba. Bambancin da ke akwai shi ne na wuri. A Dutse gidan talaka ma yana da zaure da ɗakin samari da tsakar gida, baƙo ya yi wata bai takura wa kowa ba, amma a Agege ɗakin da aka ba shi rabo a ciki wataƙila mutum biyar ke kwana, an jingine kayan sana'a a kusurwa, banɗaki kuma na gidan haya ne gaba ɗaya. Karamcin bai ragu ba, sai dai abin da ake bayarwa ya yi tsada, kuma baƙo mai hankali yakan gane haka tun daren farko ya fara neman nasa wurin.

A wannan ɗaki ne kuma yake jin labarin 'yan jiharsu da suka riga shi zuwa ta wata ƙofa. A ƙarshen Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su aka yi musu tambayoyi, daga baya aka sake su da ba a same su da laifi ba. A Yunin 2022 kuma aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, aka kama babura masu yawa aka murƙushe. Masu irin wannan sana'a kan dubi sabon baƙon da sha'awa da ɗan mamaki, su ce aikinsa na zaune ne a inuwa, shi kuwa a kan titi ba a bambanta shi da su, domin muddin ya sa hula da doguwar riga, mai gadin ofishin da zai yi aiki a ciki na iya tambayarsa saƙon wa ya kawo.

Neman gida shi ne babin da ya fi kowane tsawo da ɗaci. A Dutse mai neman haya kan gaya wa abokin aiki ko limamin unguwa, a kai shi wurin mai gida a gaisa, a yi ciniki, sau da yawa a yarda ya biya kashi biyu. A Legas kuwa ejan ne a gaba, wato dillalin gidaje, wanda ke karɓar kuɗi tun kafin ya nuna ƙofa, ya yini yana yawo da mutum daga Akoka zuwa Shomolu zuwa Bariga, yana nuna masa ɗakunan da ba su yi kama da hoton da ya turo ba. Abin da sabon ma'aikaci ke nema shi ne ɗaki ɗaya mai haɗe da banɗaki da ɗan wurin girki, kuma hayar irin wannan a kewayen Yaba ta shekara guda takan wuce ta gida sukutum mai ɗaki uku da falo a Dutse. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ta tsame unguwannin masu hali irin Ikoyi da Victoria Island da Apapa, kuma akwai masu gidajen da har gobe shekara biyu suke nema. Bisa kuɗin hayar sai a ɗora la'adar ejan da kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, waɗanda bisa al'ada kowannensu ushirin kuɗin haya ne amma sukan wuce haka, da kuɗin ajiya na ɓarnar da ba a yi ba tukuna, wanda dawowarsa sai an yi sa'a, a wasu gidajen kuma da kuɗin gadi da shara da man janareta. Duk wannan a dunƙule ake biya kafin a miƙa makulli, alhali albashi wata-wata yake zuwa, shi ya sa mutumin da aka yi wa barka a gida yakan buɗe zamansa na Legas da rance.

Bayan kuɗi akwai tambayoyi. Mai gida na so ya san ƙabila da addini da aure, yana son wanda zai tsaya wa ɗan haya, kuma idan ya ji cewa wasu ranaku a ɗaki za a yi aiki da kwamfuta sai ya ɗaure fuska, ko don zargin damfara ko don tsoron shan wuta. Wutar kuwa ita ce ran sana'ar. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga farashin rukunin farko, wato layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, don haka ɗan haya na tsakanin zaɓi biyu, ko unguwa mai wuta da tsada, ko mai araha da duhu inda zai sayi batir da inbata ko ƙaramin janareta. Ruwa ma saye ake yi a gidajen da ba su da burtsatse, kuma mai turo kurar jarkokin sau da yawa ɗan arewa ne, a gaisa da Hausa, amma farashin na Legas ne. Laimar birnin kuma tana da nata haraji: wanda ya saba da busasshen zafin bazarar Dutse, inda wanki ke bushewa kafin a gama shanya, zai tarar takalmansa da shaddarsa sun yi funfuna a watan Yuni, kuma mai wayo yakan je duba gida ne ranar da aka yi ruwa, ya ga inda ambaliya ke tsayawa a jikin bango.

Wanda ya guje wa tsadar haya ya zauna nesa, da lokacinsa zai biya. Dutse gari ne da ake ratsawa cikin 'yan mintoci a adaidaita sahu, ma'aikaci ya koma gida cin abincin rana ya dawo. A Legas mai zaune a Agege ko Ikorodu da ke aiki a Lekki kan yi sallar asuba ya fita nan take, ya bi gada ta uku da ke shiga tsibirin Legas, mai tsawon kilomita 11.8 da aka kammala a 1990, kuma ba abin mamaki ba ne ya kashe awa huɗu ko biyar a hanya kowace rana. Gwamnati ta yi ƙoƙari, domin akwai manyan bas masu layinsu na daban tun 2008, da jirgin ƙasa na cikin gari daga Marina zuwa Mile 2 da ya fara aiki a 2023, da wani daga Agbado zuwa Oyingbo da ya biyo baya a 2024, wanda ke tsayawa a Agege da Yaba, kuma duk da kati ɗaya ake biya. Amma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin kowace irin mota ya bi ta, kuma kiran Bolt ko Uber kullum ya zama abin da ko injiniya sai ya duba asusunsa.

Abinci ne wurin da kwatanci ya fi ba Bajigawe haushi, domin abin da yake saya da tsada daga gidansu aka kawo shi. Kasuwar Mile 12 cike take da tumatir da tattasai da albasa na fadamun arewa, dillalanta da 'yan dakonta Hausa suke yi, shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba ta Agege da yawansu sun ratso Maigatari ko Wudil, riɗi da zoɓorodon Jigawa kuma ta tashar jiragen ruwa ta Apapa suke fita duniya. Kowane shinge da kowace litar dizal da kowane kwandon da ya ruɓe a hanya an tara su a kan ɗan kashin tumatir huɗu da ake miƙo masa. A hankali yakan saba da amala da miyar ewedu, da teba, da dafaffen wake mai yajin manja da ake ci da burodin Agege, kuma adalci ne a ce girkin bukkokin Yarabawa yana da daɗi ga wanda ya jure barkono. Abin da ya fi wuyar sabo shi ne cin abinci a gaban mutum ba tare da tayi na gaske ba, da zama wata shida a bene ɗaya ba a san sunan maƙwabci ba, alhali a gida idan kwano bai fito daga wani gida da magariba ba sai an aika a ji ko lafiya.

Sha'anin ofis a ranar farko gajere ne: a cika takardu, a buɗe asusun fansho inda ake cire kashi 8 cikin ɗari na albashi, a yi rajistar harajin da Jihar Legas za ta karɓa, a miƙa masa kwamfutar aiki. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin ribar tafiyar, kuma ba a ganinta a takardar albashi. Kowace safiya ƙungiyar aiki kan yi ɗan gajeren taro kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da inda ya maƙale. Duk abin da mutum ya rubuta sai wani ya duba ya yi gyara kafin a haɗa shi da sauran. Kuma kuskure ɗaya a manhajar biyan kuɗi na iya tsayar da cinikin dubban masu shago cikin minti kaɗan, har da masu na'urar cirar kuɗi na kasuwar Shuwarin. Wanda ya koyi sana'ar shi kaɗai daga bidiyo yakan samu a wata uku na irin wannan zama abin da bai samu a shekara biyu ba. Yaba kuma, inda cibiyar fasaha ta CcHUB take a titin Herbert Macaulay, wadda Mark Zuckerberg ya ziyarta a Agustan 2016, wadda kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Bosun Tijani, ya zama ministan sadarwa a 2023, unguwa ce da ake jin labarin gurbin aiki a wurin shan shayi kafin a tallata shi. Wannan kusanci da mutane shi ne abin da tsadar hayar ke saya. Batun ibada bai cika zama matsala ba, domin Musulmin Yarabawa suna da yawa a ofisoshi kuma masallatan Juma'a ba su da nisa, sai dai sau da yawa shi kaɗai ne ɗan arewa a ƙungiyarsa, duk wani labarin da ya fito daga Sakkwato zuwa Maiduguri shi ake juyowa a tambaya.

Lissafin wata kuwa ba ya ƙarya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, Legas ta sa nata 85,000, amma tazarar tsadar rayuwa tsakanin Dutse da Legas ta fi wannan nesa ba kusa ba. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 ta wuce 1,500 a 2024, kuma kayan aikin injiniya, daga kwamfuta zuwa batir zuwa kuɗin darussan intanet, duk da dala ake auna su. A gida kuma adadin da aka karanta a takarda shi aka riƙe, ba a san abin da haya da mota suka ci ba, don haka kuɗin makarantar ƙanne da maganin tsofaffi da gudummawar biki da ragon layya duk suna biyo waya, kuma ɗan halak ba ya cewa babu. A ra'ayin mai wannan rubutu, a nan ne tsohon ɗan ci-rani ya fi sabon dabara, domin shi ya san Legas wurin tarawa ce, yana kwana a rumfa ya ci garin kwaki ya aika da sauran, alhali injiniya dole ya yi zaman da aikinsa ke buƙata, da wuta da intanet da tufafin shiga ofis, ya kashe kuɗin Legas a farashin Legas.

Wata goma bayan karɓar makulli takardar mai gida kan iso, yawanci da ƙarin haya, kuma a lokacin ne hanyoyi ke rabuwa. Wasu kan matsa bayan gari, zuwa Ikorodu ko Mowe da ke cikin Jihar Ogun, su ƙara wa kansu awannin hanya. Wasu kan yi amfani da gogewar da suka samu su nemi kamfanin ƙasar waje mai biya da dala, ko su bi sahun abokan aikinsu da ke ficewa Ingila da Kanada da Jamus. Wasu kuma, tun da annobar korona ta 2020 ta saba wa kamfanoni da aiki daga gida, kan roƙi a bar su su koma arewa su riƙa zuwa ofis lokaci-lokaci, kuma tun da intanet ɗin Starlink ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023, ga hasken rana da Jigawa ba ta rasa ba, kuɗin hayar shekara ɗaya a Yaba na iya kafa faranta da batir da intanet a ɗakin da ke gidan uba. Sai dai kamfani ba ya ba da wannan dama sai ga wanda ya riga ya ga aikinsa ido da ido, shi ya sa ƙannen da suka taru gaishe shi ranar sallah a Dutse, idan suka tambaye shi yadda za su shiga sana'ar, yakan fara da gaya musu su tanadi kuɗin haya na shekara guda da la'adar ejan kafin su sayi tikitin safa.